Ranar da Jirgin Babanku Ya Tsaya da Ƙafafunsa

Bilki da Kabiru, kun daɗe kuna ba da labarin nan ba daidai ba, kuma ba laifinku ba ne. Yadda kuka san shi, babanku ne, bai gama warkewa ba, ya matsa mini na bi shi cikin jirgin ruwa, muka maƙale yini guda, Allah ya kiyaye. Haka ya faɗa muku da bakinsa, ni kuma ina tsaye a wurin ban ce uffan ba. To yanzu ya riga mu gidan gaskiya, Allah ya jiƙansa, ni ma jiki ya fara nauyi, ba na so in bar muku shi da laifin da ba nasa ba. Ni na ce a je. Kuma akwai abin da na yi tun kafin ranar wanda ba ku taɓa ji ba.

Kun san babanku mutumin Yawuri ne, a bakin kogi ya buɗe ido, tun bai isa shiga makaranta ba yake tuƙa kwalekwale. Ni kuwa 'yar Funtuwa ce, ruwan da ya wuce na bokiti ba na wasa da shi. Duk shekarun da muka yi a ƙasar waje, a garin Silver Spring, yana aikin injiniya ina aikin nas, ban taɓa jin ya yi maganar ruwa ba, sai dai in mun hau gada a mota ya rage gudu yana leƙe. Bayan mun koma Mitchellville, kun gama karatu kowa ya kama gabansa, sai wata rana ya ce in raka shi zai nuna mini wani abu. Muka yi tafiyar minti arba'in zuwa wajen Annapolis, muka bi wata 'yar hanya har bakin wani rafi da ke shiga teku. A nan wani tsohon Ba'amurke, Mista Wolta, yake da filin da ake ajiye jirage ana gyara su. Abin da Malam ya nuna mini wani tsohon jirgin katako ne, tsawonsa bai fi na ƙaramar bas ba, da dogon itace a tsakiya inda ake ɗaga ƙyalle iska ta tura shi. Ashe ya riga ya saya. Rakiyar ta in sa albarka ce kawai.

Jirgin a kan tudu yake ranar, shi ya sa na ga ƙarƙashinsa. Sauran jiragen da ke filin kowanne yana da faffaɗan ƙarfe guda ɗaya a tsakiyar cikinsa, mai zurfi, sai an tokare su da sanduna kafin su tsaya. Namu biyu gare shi, gajeru, ɗaya a dama ɗaya a hagu, yana tsaye a kansu ba mai riƙe shi. Malam ƙafafu yake ce musu. Ya ce su ne ke riƙe ruwa, su hana iska tura jirgi gefe a lokacin da kake so ya yi gaba. Masu jirage a wurin suna yi masa tsiya, wai mai ƙafa biyu ba ya gudu, kuma in aka tunkari iska ya fi mai ƙafa ɗaya zamewa. Ya ce gaskiyarsu, amma ruwan nan ba shi da zurfi, shi kuma ba tsere ya zo yi ba. Duk ƙarshen kaka sai a ciro jirgin daga ruwa da wani babban inji, duk farkon bazara ya kwashe sati biyu yana kankare ƙarƙashin yana shafa masa wani jan fenti mai wari. Shekara tara yana haka. Ni a ganina kwalliya ce ta wanda ya rasa aikin yi, don wa zai ga fentin da ke cikin ruwa? Ban taɓa tambaya ba, shi ma bai taɓa zaton ban sani ba. Iyakata in yi mitar warin kayansa.

Sai ciwon ya zo. Kun san ranar, ba sai na maimaita muku duka ba. Muna karin kumallo kofi ya suɓuce daga hannunsa na hagu, na ɗaga ido na ga bakinsa ya karkace. Na ga irin wannan a asibiti ba adadi, ban tsaya tambayarsa ba na kira motar asibiti. Allah ya taimake mu aka kai shi da wuri. Ya tashi, amma hannun ya yi rauni, magana ta yi nauyi, duk lokacin sanyin nan muna zarya wajen masu motsa jiki. Sati biyu kafin a ciro jirgin abin ya faru, sai jirgin ya zauna a ruwa. Mista Wolta ya kira ni sau biyu yana tambaya, na ce ya bar shi inda yake, ina da abin da ya fi jirgi damuna.

Da sanyi ya fara janyewa, wata rana da hantsi ina taya Malam ɓalle maɓallan riga, sai ya tsayar da hannuna.

"Rabi, an ciro jirgin nan kuwa?"

"An ciro, Malam."

"An yi masa fenti?"

"An yi. An mayar da shi ruwa. Ka kwantar da hankalinka."

Ban shirya ƙaryar nan ba, fitowa ta yi kawai. Na gaji, jininsa bai daɗe da sauka ba, na san in na ce ba a yi ba, zai ce a kai shi filin a ranar. A can ƙasan zuciyata kuma, ba zan ɓoye muku ba, ina fata ya manta da jirgin gaba ɗaya. Ya ce Allah ya yi albarka, ya saki hannuna. Shekara talatin da wani abu ban taɓa yi masa ƙarya a kan abin da ya tambaye ni kai tsaye ba, don haka bai sake tayar da maganar ba, ni kuma na manta na yi ta.

Zuwa ƙarshen lokacin zafi ya samu sauƙi ƙwarai. Likita ya ce zai iya tuƙa mota. Bilki, ke kika kafa doka a falo, a gaban mijinki, cewa mota an yarda amma jirgi an gama. Ba na ganin laifinki. Aikinki harhaɗa magunguna ne, kin san abin da yake sha, kin san maganin tsinka jini ba ya son rauni. Ya ce miki ya ji, zai riƙa zuwa yana duba shi ne kawai. Sau uku ya je a watan Satumba, kuma duk zuwa sai ya dawo ba kamar yadda ya tafi ba. Bayan na ukun ya rataye makullin mota a ƙusa bai sake taɓawa ba. Ya daina karatun da yake yi bayan asuba. In ya idar da salla sai ya juyo ya tambaye ni raka'a nawa ya yi, alhali daidai ya yi. Abokansa suka zo ɗaukarsa ɗaurin aure a Landover ya ce a ce musu yana barci. Kabiru, lokacin ne ya kira ka yana faɗa maka inda takardun gida suke, kai kuma ka kira ni a ruɗe. Mutumin da ya yi wata shida yana kokawa da hannunsa har ya dawo da shi, sai ga shi ya zauna a kujera yana kallon bango.

Wata Alhamis da la'asar na ajiye masa shayi, na ja kujera na zauna a gabansa, na ce ba zan tashi ba sai ya faɗa mini. Ya daɗe yana juya cokali.

"Na fita da shi, Rabi. Duk ukun na fita da shi."

"Kai kaɗai?"

"Ni kaɗai. Kar ki yi faɗa tukuna, ki ji. Jirgin nan da yatsa biyu nake juya shi. Yanzu in na tura sandar tuƙi, sai ya ɗauko juyawa ya tsaya a rabi ya koma. In na nufi wuri, sai in tsinci kaina a wani wurin. Jirgi ne da aka gyara bana, ƙyallensa lafiya, igiyoyinsa lafiya. To me ya rage? Ni ne. Akwai abin da ya taɓu a kaina wanda hoton asibiti bai nuna ba. Ina ganin kamar daidai nake yi, alhali ba daidai ba ne. In haka ne a ruwa, haka ne a mota, haka ne a salla."

Wallahi ko da ya ce jirgi ne da aka gyara bana, ban haɗa maganar da ƙaryata ba. Fenti dai, me ya haɗa shi da juyawa? Abin da na sani shi ne aikina. Wata da watanni ina lura da shi ba tare da ya sani ba, yadda yake riƙe cokali, yadda yake tuna sunayen jikokin mutane, yadda yake gyara mini hanya in na ɓata a mota. Ban ga alamar komai ba. Amma mutum in ya yanke wa kansa hukunci irin wannan, baki ba ya warware shi. Na faɗa masa lafiyarsa ƙalau ya ce ni matarsa ce dole in ce haka. Na ce mu koma wurin likita ya ce likita ba ya cikin jirgin. Sai na ji bakina yana cewa:

"To ni zan shiga. Jibi za mu je tare, in ga hannunka da idona. In akwai abu, zan faɗa maka, ba zan ɓoye ba."

"Ke? Ke da ko gadar katako ba kya takawa?"

"Ni."

"Bilki fa?"

"Bilki 'yata ce, ba uwata ba."

Ya ƙi, ya ce in wani abu ya same ni ba zai yafe wa kansa ba. Ni na nace. Ku riƙe wannan.

Ranar Asabar muka isa da sassafe. Na ɗauki fulas na shayi, da dambun nama da burodi, da akwatina na magani. Ya ɗaura mini rigar da ke hana nutsewa, ya ja igiyoyinta har numfashina ya ɗauke. Ruwan rafin nan kore-kore ne mai duhu, in ka tsoma hannu ba ka ganin yatsunka, don haka abin da ke ƙasa ba ya ganuwa. Ya tayar da ɗan injin jirgin, injin yana ta ihu amma tafiyar kamar ana jan mu ta baya. Na zauna na ƙanƙame katako da hannu biyu ina karanta duk addu'ar da na sani. Da muka fito bakin rafi ya kashe inji ya ɗaga ƙyalle. Iska tana busowa daga arewa maso yamma, mai sanyi, kuma tana ƙara ƙarfi. Muka yi gaba na ɗan lokaci. Can ya nuna mini inda launin ruwa ya canja, ya ce tudun yashi ne a wurin, dole mu juya kafin mu kai.

Na daina kallon ruwa na zuba wa hannuwansa ido. Ya tura sandar, ya saki igiya ɗaya ya kama ɗaya, komai a tsare, hannun hagun ma bai yi rawa ba. Hancin jirgin ya ɗauko juyawa a hankali, ya kai rabi, ƙyalle ya hau kaɗawa da ƙara, sai jirgin ya tsaya cak ya koma inda ya fito. Ya sake, haka. Ya sake na uku, haka. Duk wannan lokacin muna zamewa gefe kamar akwatin da aka jefa a ruwa. Ya tayar da inji, injin ya yi ta ihu bai iya da iskar ba. Sai na ji wata 'yar ƙarar gurza a ƙarƙashinmu, ba mai ƙarfi ba, jirgin ya girgiza sau ɗaya ya tsaya. Malam ya sauke ƙyalle, ya jefa ƙugiyar da ke riƙe jirgi, ya dawo ya zauna ya dafe kansa.

"Kin gani da idonki."

"Na gani. Hannunka bai yi kuskure ba."

"Rabi, ga mu a kan yashi."

Na tambaye shi ko nutsewa za mu yi, ya ce a nan ko akuya ba za ta nutse ba. Ruwan tekun yana cika yana janyewa sau biyu a rana, yanzu janyewa yake, ga iskar nan kuma tana ƙara kora shi waje, za mu zauna sai ya dawo. Na ce in ruwan ya tafi jirgin ba zai kife da mu ba? Ya ce ba irin wannan ba. Na zuba masa shayi ya bar shi ya huce.

Ruwa ya yi ta raguwa. Ina jira in ji mun karkata, ba mu karkata ba. Jirgin ya zauna daram a kan ƙafafunsa biyu, ko shayin da ke kofi bai zube ba. Da azahar ta yi muka yi salla a ciki. Muna idarwa na ji wani ƙarni ya taso, irin na kasuwar kifi da rana. Malam ma ya ji. Ya ɗaga kai, ya leƙa ta gefe, ya daɗe a sunkuye. Sai ya sa takalmansa na roba, ya saukar da ɗan tsani ta baya, ya sauka tun kafin in hana shi. Ruwan bai kai masa gwiwa ba. Na ji yana zagayawa, sai ya kira ni.

"Rabi. Sauko."

Na tattare zanena na sauka. Ruwan da sanyi, amma yashin da ƙarfi. Na zagayo na sunkuya inda yake, na ga abin da har yau in na rufe ido ina ganinsa. Babu katako, babu jan fenti. Tun daga hanci har baya wasu 'yan halittu ne masu farin ɓawo mai kaifi, manne a kan juna kamar haƙora, kauri ya kai faɗin hannu a wasu wuraren. A kansu gansakuka da doguwar ciyawar ruwa suna reto kamar gemu. Tsakanin ƙafafun biyu, inda ido ba ya kaiwa daga sama, nan ne ya fi muni, ya cushe ƙwarai har ƙananan kaguwa suna yawo a ciki. Farfelar injin ta zama dunƙule guda kamar ƙwallo. Malam ya sa yatsa ya taɓa, ya juyo ya dube ni.

"Yaushe kika ce an yi fentin nan?"

A nan ne abin ya faɗo mini gaba ɗaya. Na ce masa ba a yi ba. Ba a ciro shi ba ma. Na faɗa masa yadda Mista Wolta ya kira na ce a bari, da yadda na ce an yi don hankalinsa ya kwanta, da cewa ni na ɗauka fentin ado ne. Na tsaya ina jiran abin da zai ce. Babanku ba mai zagi ba ne, amma kun san shirunsa in ya yi fushi.

Sai ya zauna. A cikin ruwan, da wandonsa, ya zauna daɓas a kan yashi ya fashe da dariya. Ya yi ta yi har tari ya sarƙe shi, daga nan dariyar ta koma kuka. Tun rasuwar mahaifiyarsa ban ga hawayensa ba.

"Ashe ba ni ba ne. Rabi, ashe ba ni ba ne. Alhamdu lillahi. Zafi biyu a ruwa ba sabon fenti! Wallahi ko wanda ya ƙera shi ba zai juya shi ba."

Da ya natsu ya bayyana mini. Fentin nan magani ne a cikinsa, shi ke hana halittun nan kamawa, kuma ƙarfinsa shekara guda ne. In suka kama, jirgi ba ya samun gudun da zai ƙetare iska ya juya. Ƙafafun kuma sai suna da santsi ruwa yana wucewa a kansu suke riƙewa, irin namu gajeru ma abin ya fi yi musu illa. Na ce to shi da ya san duk wannan, me ya hana shi zargin haka tun farko? Ya ce ya ga ɗan kore a jikin jirgin, iya inda ruwa ya tsaya, ya goge, ya ɗauka na bana ne. Ya ce da lafiyarsa ƙalau aka yi, ranar farko zai gane, amma tun da ya tashi daga ciwon yake jiran ranar da kansa zai ba shi kunya, da jirgin ya ƙi juyawa sai ya ce ga ta nan ta zo.

Ya miƙe zai hau kankara na ce a'a. Ɓawon nan yana yanka kamar reza, shi yana shan maganin tsinka jini, ruwan kuma ba mai tsabta ba ne. Na ba shi safar hannu ta fata na ce iyakarsa farfela da allon da sandar tuƙi ke juyawa, sauran nawa ne. Na sa safar asibiti biyu na ɗora ta aiki a kai, na ɗauki makankarin fenti, inda ya ƙi na sa murfin tukunya. Ni na fi shi gajarta, ni na durƙusa na shiga tsakanin ƙafafun. Mace mai shekara sittin da biyu, nas mai ritaya, a durƙushe cikin ruwa ƙarƙashin jirgi, ɓawo yana zubo mini a ɗankwali. Fiye da awa biyu muna yi. Yana ta surutu, surutun da na yi wata guda ban ji ba, yana ba ni labarin yadda kawunsa ke toshe kwalekwale da auduga a Yawuri.

Muna cikin haka wayata ta yi ƙara. Ke ce, Bilki. Ashe kin sa wa wayoyinmu abin da ke nuna miki inda muke, kin ga ɗigo biyu a tsakiyar ruwa tun safe ba sa motsi. Na ce miki muna lafiya, kika hau kuka da faɗa, kika ce yanzu za ki kira masu ceto. Babanki ya karɓi wayar. Na ga ya gyara tsayuwa, muryarsa ta dawo irin ta da.

"Bilkisu, saurara. Ba wanda ya ji ciwo. Jirgin a tsaye yake a kan yashi, ruwa iya ƙwauri. Iska ta fara kwantawa. Wajen huɗu da rabi ruwa zai ɗaga mu, kafin shida muna tudu. In shida ta yi ba ki gan mu ba, ki kira wanda kike so."

Huɗu da rabi da 'yan mintoci na ji jirgin ya yi ɗan motsi a ƙarƙashina. Muka yi la'asar, ya janye ƙugiya, ya tayar da inji, wannan karon injin ya tura mu. Ba mu kankare ko rabi ba, amma da muka shiga ruwa mai zurfi ya ɗaga ƙyalle, na ji bambancin a jikina, ruwa yana wata 'yar ƙara a gefe wadda ban ji da safe ba. Ya dube ni, ya ce bismillah, ya tura sandar. Hancin ya ɗauko, ya kai rabi, ya ɗan yi jinkiri, sai ya wuce. Ƙyalle ya cika ta ɗaya gefen. Malam ya gyara igiya. Ya yi gaba kaɗan ya sake juyawa. Ya sake. Ba buƙatar juyawa, yi kawai yake. A na biyar na ce, "Malam, cikina yana juyawa shi ma, mu tafi gida."

Mun tarar da ke a kan gadar katako inda ake ɗaure jirage, Bilki, da mijinki a bayanki. Kin ga uwarki jiƙe sharkaf, da laka har fuska, hannu ɗaya ɗaure da bandeji inda ɓawon ya yanke ni. Ba ki dube ni ba, babanki kika tunkara, kika faɗa masa maganganun da na san kin yi nadamarsu. Na buɗe baki zan yi magana, ya riga ni.

"Ni na ja ta. Ta ce kar a je, na matsa. Ki yi haƙuri."

Ya matse mini hannu na yi shiru. A mota ya ce kar in kuskura in faɗa. Ya ce shi uba ne, fushin 'ya ba zai karya shi ba, amma in kika ji ni na yi masa ƙarya kuma ni na kai shi ruwa, ba za ki ƙara yarda da ni a kan lafiyarsa ba, kuma ni ce mai kula da shi. Na karɓi hujjar da sauri, don ta yi mini daɗi. Abin da ya biyo baya kun san shi. Wata uku ba ki kawo yaran gidanmu ba. Ko da kika huce, wani abu ya rage tsakaninki da shi, kina yi masa kallon mai son kansa, shi kuma yana gani yana ƙyalewa. Shekara biyar ya ƙara a duniya, huɗu a ciki yana fita da jirginsa, bai sake fita shi kaɗai ba, ni ce a gefensa da lemon tsami a hannu saboda tashin zuciya. Lafiyarsa ta dawo, ya ɗauki makullinsa, ya koma karatunsa. Amma sanyin da ke tsakaninku ni na jawo shi, kuma ina da bakin gyarawa ban gyara ba. Ba na neman ki ce na yi daidai. So nake ki mayar wa babanki abin da kika cire masa ranar nan.

Sati guda bayan haka aka ciro jirgin. Akwai sauran fargaba ɗaya da Malam bai faɗa mini ba sai ranar. A ruwan nan akwai wata tsutsa mai cin katako ta ciki kamar gara, in fenti ya ƙare ba abin da ke tare ta, jirgi zai iya zama lafiya a ido alhali cikinsa ya zama rariya. Bayan an wanke, Mista Wolta ya ɗauki ƙaramar guduma ya bi katakon ɗaya bayan ɗaya yana bugawa yana saurare. Muna biye da shi kamar masu jiran sakamakon asibiti. Kusa da ƙafar hagu ƙarar ta canja, ya tsaya ya zana alli. Ya ci gaba har ya zagaye bai ƙara zanawa ba. Katako ɗaya ne za a canja, sauran lafiya. Malam ya sauke ajiyar zuciya ya dafa jirgin da hannun hagunsa.

Da bazara ta zagayo na bi shi filin, karo na farko da na je don aiki. Yana gauraya jan fentin nan da sanda, ni ina zaune a kan bokiti. Abin da ya daɗe yana cina na fitar.

"Malam, har yau ba ka yi mini faɗa ba. Wata guda ka yi kana ganin kanka ya taɓu, kuma ni na jawo."

Bai ɗago ba, ya ci gaba da gaurayawa.

"Rabi, duk sujadar da na yi a watan nan abu ɗaya nake roƙo, Allah ya sa matsalar daga wani wuri take ba daga kaina ba. Ya amsa mini. Sai kuma in tsaya ina yi masa ƙorafin daga inda ya kawo ta?"

Ya ɗauko burushi ya miƙo mini.

"Tsakanin ƙafafun naki ne. Ke kika san wurin."